A Kira Min Tick

Memphis, ranar Talata

Zuwa ga Yayata Ozella,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, tana barinki ki hau matakalar coci kuwa? Yaya ɗanki Lavon da yaransa, yaya mutanen garin Gary? Allah ya sa kowa ƙalau. Na koma takarda ne saboda na gaji da yi miki ihu a waya kina ce min "me kika ce?" har maƙwabta sun fi ki sanin sirrina. Sai ki sa tabarau ki karanta, tunda na'urar kunnen da aka saya miki kin mai da ita kayan ado a kan tebur.

Kin tambayi jikin Cleotis. Jiki da ƙarfinsa, yana cin burodin masara da wake har ya nemi ƙari. Kan ne ke ta tafiya. Ciwon mantuwar ya ƙaru sosai tun zuwanki na bikin Ista. Da safe idan na miƙa masa kofi sai ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Mutumin da muka haura shekara hamsin a gado ɗaya, Yaya. Nakan juya in yi kamar ina goge murhu don kar ya ga fuskata.

Abu ɗaya ne ke dawo min da shi, faifan mawaƙin nan marigayi Delmar Haskins, wanda suka yi a ɗan situdiyon nan na bayan shagon aski, shekarar da nake da cikin Renita. Kin san Cleotis ne ya kaɗa gangar waƙoƙin duka, ko da yake ba a sa sunansa a bayan kwalin ba, kamar yadda ba a sa na sauran ba. Bayan abincin rana sai in ɗora faifan a garmaho. Da allura ta sauka ya fara tas-tas ɗin nan nasa kamar ana suyar kifi, sai yatsun Cleotis su fara motsi a gwiwa. Kafin waƙa ta biyu ta ƙare zai ɗago ya ce, "Nell, kin ji yadda na riƙe Delmar a nan? Da na sake shi da ya gudu ya bar waƙar a baya." Nell fa, sunan da ya saba kirana da shi! Daga nan har yamma mijina ne. Ya tsokane ni a kan ƙibata, ya tambaye ni ko kin daina wa mutane faɗa.

To abin da ya hana ni sukuni shi ne faifan ya gaji. Allura tsalle take yi a waƙa ta uku. Na ɗora kwabo a kan hannun garmahon yadda Baba yake yi a da, ya ɗan lafa, yanzu sai da na ƙara wani, kuma na san nauyin ƙara cinye faifan yake yi. Ranar da ya ƙi gaba ɗaya, ina zan samo Cleotis?

Ga Renita kuma ta taso da maganar gidan kula da tsofaffi. Ta ce, "Mama, ranar da Baba ya fita ya ɓata, ba zan ƙara sauraronki ba." Na ce ubanta bai taɓa ɓata ba, ko zamanin da yake shan abin da yake sha. Mijinta Darnell, sarkin wayoyi da lasifika, shi ne ya kawo wata dabara. Wai kamfanin da ya sayi tsoffin tef ɗin ya koma kan na asali, ya kwashe shi a kwamfuta, ya tace shi, ya fitar da sabo da ya fi faifai nesa ba kusa ba. Ba tas-tas, ba tsalle, ba ya tsufa. Ya ce, "Mama, abin da kike ji a garmahon nan leƙen waƙa ne ta tagar da ba a wanke ba." Na ce masa tagar ta ishe ni tun kafin a haife shi. Amma a zuciyata, Allah ya sani, na ɗora rai a kai. Ranar Lahadi zai kawo bayan coci.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Lavon, ki ce ya rage gishiri.

Ƙanwarki,
Vernell


Memphis, ranar Laraba

Yaya Ozella,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardata ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan da sauƙi zan ce, don ban san me zan ce ba.

Darnell ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Ya shigo da lasifika biyu masu tsayin ɗan yaye, ya ture min tukunyar fure, ya ja kujerar Cleotis zuwa tsakiyar falo, wai nan ne sauti ke haɗuwa. Har yanzu da kayan coci a jikinmu. Sai da ya yi mana huɗuba a kan lambobi, wannan ya ninka wancan, kunne zai ji abin da allura ba ta iya tonowa. Renita ta ce, "Don Allah malam, danna mana, kazar nan na hucewa." Ya danna.

Yaya, ba waƙa ce ta fara fitowa ba. Ɗaki ne ya fito. Na ji an ja kujera, wani ya yi tari, wani ya busa ƙaho kaɗan ya bari. Ashe sun bar hirar da ake yi kafin a fara ɗauka, wadda aka yanke a tsohon faifan. Sai ga muryar Delmar, mutumin da na tsaya a kan kabarinsa da kaina, ta fito daga gefen tagata kamar yana tsaye a wurin da hularsa: "Ina Tick? A kira min Tick, shi kaɗai muke jira."

Kin tuna Tick suke ce wa Cleotis, saboda hannunsa ba ya gaba ba ya baya, kamar tik-tik ɗin agogo. Rabon da wani ya kira shi haka tun da abokansa suka ƙare. Zumbur ya miƙe, mutumin da sai na kama shi yake tashi daga kujera. Ya ce, "Ga ni, ga ni!" Yana waige-waige yana neman ƙofa. Kiɗa ya tashi, shi kuwa fuskarsa ta canza. Ya ce, "Sun fara? Wa suka ɗora a kujerata?" Na daka wa Darnell tsawa ya kashe, ko rabin waƙar farko ba mu kai ba.

Ke ba ki zauna da makaɗa ba, bari in gaya miki. Mista Gaines, mai situdiyon, doka ɗaya gare shi: wanda ya makara, ya tarar da wani a kujerarsa, kuma ba a ƙara kiransa. Makaɗa sun yi yawa a garin nan lokacin, kowane lungu akwai mai jiran waya. Cleotis bai taɓa tsoron ɗan sanda ko asibiti yadda yake tsoron makara ba. Ranar bikinmu ma ya riga fasto zuwa.

Da muka zaunar da shi, gardama ta kaure a kicin. Darnell jikinsa ya yi sanyi amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Mama, ki faɗi gaskiya, bai fi kyau ba?" Renita ta ce ita ba ta ji wani bambanci ba in ban da tsadar lasifika. Ni kuwa ba zan yi ƙarya ba, ya fi. Na ji numfashin Delmar kafin ya ɗauki baiti. Na ji ƙarar takalmin Cleotis a kan abin taka ganga, ƙarar da na sani tun muna saurayi da budurwa, wadda ban taɓa ji a faifan ba. Ya fi kyau, kuma abin da ya ba ni tsoro ke nan. Sai yanzu na gane aikin da tas-tas ɗin nan ke yi mana. Shi ke gaya wa Cleotis cewa wannan faifai ne, abu ne da ya wuce, zauna ka ji daɗinka. Sabon ba ya gaya masa komai. A kunnensa yau ake yi, kuma ana yi ba shi.

Na sa Darnell ya kwashe kayansa a ranar. Na ɗauka shi ke nan. Ina! Litinin bayan abincin rana na ɗora tsohon faifanmu, da kwabbansa a kai, ina addu'a a zuci. Ko yatsa bai motsa ba. Ya ce, "Baiwar Allah, kashe wannan, ana jirana." Bai ce Nell ba ranar, bai ce jiya ba, bai ce yau ba. Aikinsa tambayar ƙarfe nawa, da buɗe durowa yana neman sandunan gangarsa. Na ɓoye su a saman kabad ɗin ɗakin baƙi. Na sa sakata a ƙofar gaba, can sama inda ba ya dubawa. Ko banɗaki na shiga sai in bar ƙofa a buɗe ina kasa kunne.

Ban gaya wa Renita ya daina gane ni ba. Ke ma kar ki gaya mata, na san bakinki.

Taki,
Vernell


Memphis, ranar Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe min rubutun, a gaggauce nake yi.

Cleotis ya fita. Na je bayan gida kwashe shanya, na dawo na tarar da kujera a gaban ƙofa, sakata a zare. Ya hau kujera, Yaya, mutumin da ke tuntuɓe da tabarmar ƙofa. Sandunan babu, takalmin coci babu, farar rigarsa da na goge don Lahadi babu. Maganinsa na rana yana nan a kan tebur, da kofin ruwansa ko kurɓa bai yi ba.

Kin san zafin garin nan a Agusta. Kwalta har laushi take yi. Na fita ba takalmi ina ƙwala kira har bakin babban titi, Misis Tolliver ta maƙwabta ce ta kamo ni ta dawo da ni. 'Yan sanda sun zo, sun karɓi hotonsa, suka ce in zauna kusa da waya ko wani zai kira. Shi ya sa nake rubuta miki, in ban riƙe biro ba ihu zan yi. Duk motar asibiti da ta wuce sai in tashi in leƙa taga. Ina ta tuna manyan motocin nan da ke gudu a hanyar da aka yanka ta tsakiyar unguwar, hanyar da babu ita lokacin da yake zuwa aiki. Ba zai duba ba, Yaya. A kansa har yanzu filin ƙwallo ne a wurin.

Renita ta iso, ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na ce musu situdiyo ya nufa. Darnell ya je ya dawo, ya ce wurin shagon taya ne yanzu, ya tambayi masu shagon, ya duba titin sama da ƙasa, ba wanda ya ga tsoho da farar riga.

Tsaya. Ta gaba Darnell ya je. Wayyo ni, ta gaba ya je! Makaɗa ba sa shiga ta gaba, ƙofar gaba ta mawaƙa ce da masu kwat. Su ta lungun baya suke bi, inda ake sauke kaya, su ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe. Sau nawa na kai masa abinci ta nan da cikina a gaba. Waya ta yi ta kanta, na tafi. Misis Tolliver za ta jefa miki wannan a akwatin gidan waya.

Ki yi addu'a, Yaya.

Vernell


Memphis, ranar Litinin

Zuwa ga Yayata Ozella,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san takardar Juma'a ta tayar miki da hankali, Lavon ya kira ya ce kin ƙi cin abinci. Ki ci. An same shi, yana raye, yana gida. Sauran kuma ga shi.

A lungun muka same shi, ni da Darnell da Renita, da wata 'yar sanda da ta biyo mu. Yana zaune a kan tsohuwar taya a gaban ƙofar ƙarfen, wadda aka liƙe da fenti tun ban san yaushe ba. Rigar ta jiƙe sharkaf, leɓunansa sun bushe sun yi fari, bayan yatsunsa duk ya sale saboda ƙwanƙwasawa. Sandunan na kan cinyarsa. Yadda ya tsallake hanyar nan, Ubangiji kaɗai ya sani.

Na durƙusa na ba shi ruwa, ya sha, ya ce na gode. Na ce ya tashi mu tafi. Ya girgiza kai. Ya ce, "Delmar ya aiko a kira ni. In na matsa daga nan aka buɗe, shi ke nan, an ba wani." Renita ta kama hannunsa tana kuka tana cewa, "Baba, ni ce," ya fizge ya ce yarinya ta matsa can, aiki yake jira. 'Yar sandan ta ce za ta kira a ɗauke shi da ƙarfi, zafin zai iya kashe shi. Na san idan aka ɗaga shi yana turjewa, daga asibiti ba gidana za a kawo shi ba. Na ce ta ba ni ɗan lokaci.

Na juya na ce wa Darnell, abin nan yana cikin motarka? Ya dube ni kamar na zautu. Renita ta ce, "Mama, shi ya jawo mana wannan!" Na ce na sani. An kira mutum aiki, an hana shi yi, ku bar shi ya yi. Darnell ya shigo da motar lungun da baya, ya buɗe ƙofofin duka, ya danna. Ni kaina ban san abin da zai biyo baya ba.

Aka ja kujera, aka yi tari, Delmar ya ce a kira masa Tick. Cleotis ya gyara zama, ya jawo wata taya gabansa da ƙafa, ya ce, "Na iso." Ya buga sandunan a juna, kiɗa ya shigo daidai kan bugunsa. Yaya, bai kuskure ko ɗaya ba. Masu shagon taya suka fito da ƙarafuna a hannu suka tsaya. Waƙa bayan waƙa, ina tsaye ina kare masa rana da jakata, ina kallon jijiyar wuyansa, ina cewa yanzu zai faɗi. Darnell ya tsallake wasu da dabara don a gajarta, bai lura ba.

A tsohon faifan, waƙar ƙarshe a hankali take dusashewa har ta ɓace. Ban taɓa sanin tana da ƙarshe ba. A sabon ba ta dusashe ba. Suka ci gaba har suka dire tare, aka yi shiru, wani ya fashe da dariya. Sai Delmar ya ce, yana haki, "Ta yi. Kowa ya kama gabansa. Tick, tashi ka tafi gida, kar Nell ta haihu ba ka nan ta ce ni na riƙe ka."

Na sauke jakar da nake kare masa rana da ita. Cleotis kuwa ya miƙe abinsa, ya kakkaɓe wando, ya soke sandunan a aljihun baya. Ya dube ni, ni da ke tsaye a gabansa da hawaye, ya ce, "Baiwar Allah, ko za ku rage min hanya? Matata na jirana."

Muka rage masa hanya. Ina zaune kusa da shi a baya yana ba ni labarin Nell, wai ta iya kifi amma ba ta iya shayi ba, wai faɗa gare ta amma ita ce maganinsa. Ya ce in na gan ta zan so ta. Renita na gaba ta toshe baki da hannu.

Da muka isa ya gane gidan. Ya shiga da sauri yana kira, "Nell! Nell, na dawo!" Ya leƙa falo, ya leƙa ɗakin kwana, ina biye da shi, ya juyo ya gan ni ya wuce ni. Sai na ga yana kallon ƙofar fita. Ban san lokacin da na faɗa kicin na laɓe a bayan ƙofa ba. Na ɗaga murya yadda na saba na ce, "Ina nan! Cire min takalman nan kafin ka taka min kafet." Sai na ji ya yi ajiyar zuciya, na ji kujera ta karɓe shi. Ya ce, "Yau mun yi abin kirki, Nell."

Haka muke tun ranar. Muryata ya sani, fuskata ce bai sani ba. Idan na kawo abinci, baiwar Allah ce ta kawo. Idan na koma kicin na yi magana, matarsa ce, har mu yi hira ta bango, ya tsokane ni in rama. Na ja kujera na ajiye a bayan ƙofar, nan nake wuni. Jiya ya ce, "Wai ba za ki fito in gan ki ba?" Na ce hannuna da gari. Yau ya sake tambaya, na ce tukunya na kan wuta. Dabarata ta kusa ƙarewa, kuma duk motsin da ya yi a kujera sai in ce ga shi nan ya taso.

Renita ta ce ranar Alhamis za mu zauna mu yi magana, kin san maganar. Ki zo, Yaya. Ki sa Lavon ya ɗora ki a bas, ki sa na'urar nan a kunnenki ko sau ɗaya. Ina so ki zauna da shi a falo idan ina magana daga kicin, ki gaya min yadda fuskarsa take idan ya ji ni, don ni ba na gani.

Ki gaishe da kowa. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Vernell